Kulocin Mai da Aikin da Ba Mu Biyan Bakanike Ya Yi

Manyan baburan da samari ke kira fawa-bayik sun daina zama abin kallo a titunan Kano, Kaduna da Abuja. Ana shigo da su na hannu daga Turai, Amurka da Japan, su sauka a Legas ko Kwatano, sannan a hauro da su Arewa. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da wani abu da mai Boxer ko Jincheng bai saba da shi ba, wato kulocin da ba waya ke jan sa ba, mai ne ke tura shi. Duk wanda ya duba hannun hagu na Suzuki Hayabusa, ko Yamaha FJR1300, ko da yawa daga cikin manyan Ducati da KTM, zai ga ɗan kofi mai murfi irin na birkin gaba da ke hannun dama. A jikin babur ɗin kaf babu abin da ake wofintarwa kamar wannan ɗan kofin. Mai babur zai juye baƙin mai a kan kari, ya sayi taya mai tsada, ya kai wanki duk Juma'a, amma sai shekara huɗu ko biyar ta wuce ba a taɓa kwance murfin nan ba. Ranar da giya ta fara gardama sai a garzaya gareji, a buɗe inji, a ce farantin kuloci ne ya cinye, a zuba kuɗi, bayan kwana biyu matsalar ta dawo. Daga nan sai a yanke hukunci cewa kulocin mai bai dace da ƙasarmu ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Abin da bai dace ba shi ne yadda muke biyan kuɗin gyara. Muna biyan kayan da aka sauya, ba mu biyan aikin da aka yi, shi kuwa kula da kulocin mai kusan duka aiki ne, kayan da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Gara a fara da sanin yadda abin yake tafiya. In ka matse hannun kuloci, wani ɗan fistin kake turawa a cikin silindar sama, wadda makanikai ke kira masta. Fistin ɗin ya tura mai ta cikin tiyo zuwa silindar ƙasa da ke manne a jikin inji. Can kuma wani fistin da ya fi shi faɗi ya tura siririn ƙarfe, ƙarfen ya ɗaga murfin da sifirin suka danne, farantai su rabu, inji ya saki taya. Dabarar tsohuwa ce, tun ƙarni na 17 masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana ta: ruwan da aka kulle a mazubi, in ka danna shi ta gefe guda, ƙarfin dannawar ko'ina yake isa, domin ruwa ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa. Tazarar da farantan ke buƙata su rabu 'yan milimita ce ƙalilan, saboda haka in kumfa ya maƙale a tiyo, wani ɓangare na motsin hannunka zai ƙare a matse kumfan, abin da ya isa ƙasa bai kai ya raba farantan sosai ba. Sai alamomi su fara bayyana. Kana tsaye a danja ka matse kuloci har ƙarshe, amma babur yana jan ka gaba a hankali. Firi ta ƙi samuwa sai ka kashe inji. Giya ta ɗaya tana shiga da ƙara, ƙwaram, har na kusa da kai ya waiwayo. Farantin da ya cinye ba haka yake yi ba, shi sulluɓewa yake, inji ya yi ta ihu babur bai ƙara gudu ba. Gaskiya ne farantin da ya lanƙwashe saboda zafi yana iya hana kuloci saki, haka kwandon kuloci in ya yi tsaga-tsaga. Amma hankali ya ce a fara da binciken da ba ya buƙatar buɗe inji, in bai warware ba sannan a shiga ciki. Mu kuwa daga ciki muke farawa.

Wani abin da ke taimaka wa wannan sakaci shi ne kuloci ba ya tona asirin kansa da wuri. Birki in iska ta shige shi nan take za ka sani, hannu zai yi laushi ya nutse, gabanka ya faɗi. Kuloci kuwa ko lafiyarsa ƙalau har ƙarshe yake zuwa, tunda sifirin kawai yake dannawa, don haka laushin da iska ke kawowa ba ya fita fili. Abin da ke canzawa shi ne wurin da yake kamawa. Da can sai ka saki hannu rabi kafin babur ya motsa, yanzu kana ɗan sassauta yatsu ya zabura. In ka matsa shi sau uku ko huɗu a jere sai ya ɗan gyaru na ɗan lokaci, in inji ya yi zafi kuma ya ƙara lalacewa. Da yake canjin a hankali yake zuwa, hannun mai babur yana sabawa, ya koyi tura giya da ƙarfi, ya koyi neman firi tun kafin ya tsaya, har ya ɗauka halin babur ɗin ne. Duk tsawon wannan lokaci haƙoran giya ne ke shan dukan, su kuwa gyaransu sai an sauke inji.

Ko da iska ba ta shiga ba, man kansa yana tsufa, kuma wannan ne mutane suka fi ƙin yarda da shi. Yawancin waɗannan baburan man birki suke sha a kulocinsu, wanda aka rubuta DOT 3, DOT 4 ko DOT 5.1 a jikin robarsa. Lambobin na Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ne, ita ta gindaya ma'aunin, sauran duniya suka bi. Wannan nau'in mai yana da hali guda da ba ya rabuwa da shi, wato zuƙar danshi daga iska, ta gefen murfi da kuma ta jikin tiyon roba kansa. Ma'aunin ya ce sabon DOT 4 kada ya tafasa kafin zafi ya kai digiri 230 na Salshiyos, amma in ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, digiri 155 kawai ake nema daga gare shi. DOT 3 kuma daga 205 yake faɗowa zuwa 140. A birki, inda zafi ke hawa sosai a doguwar gangara, wannan faɗuwar tana iya zama sanadin ajalin mutum, domin ruwan da ya tafasa tururi yake komawa, tururi kuwa matsuwa yake yi. A kuloci, in za a faɗi gaskiya, tafasa ba ita ce babbar barazana ba, duk da cewa silindar ƙasa tana jingine da inji kuma a cunkoson watan Afrilu ba ƙaramin gashi take sha ba. Ɓarnar da ruwa ke yi a nan sannu a hankali take. Yana cin cikin silinda, ya haɗu da ɓurɓushin roba da na alminiyam su zama baƙar laka, lakar ta yi ta gogar robar fistin har ta fara yoyo. A cikin gari kuma ana matsa kuloci fiye da birki nesa ba kusa ba, shi ya sa mansa ya fi saurin yin baƙi. Saboda haka ne littattafan kamfanoni da yawa suka yanka wa'adin shekara biyu, ko babur yana kan hanya kullum ko yana ajiye a zaure an lulluɓe shi. Danshin damina ba ruwansa da lambar da ke jikin agogon tafiya.

Amsar da aka saba bayarwa a gareji ita ce a ƙara mai. Wannan kalma ta kashe kuloci fiye da ramukan hanya. Tsarin a kulle yake, ba ya shan mai yadda tsohon inji ke ƙona baƙin mai. In ka ga ya ragu, to yoyo yake yi a wani wuri, kuma wurin ba lalle ne ka gan shi ba. A babura da yawa silindar ƙasa tana dab da ƙaramin haƙorin sarƙa na gaba, inda giris da ƙura suke cakuɗewa su ɓoye duk wata jiƙewa. A wasu kuma man ciki yake bi. A tsofaffin BMW masu busasshen kuloci yana iya bin siririn ƙarfen nan ya jiƙa farantin, shi kuwa kafin a kai gare shi sai an kusan raba babur gida biyu. Ƙara mai a irin wannan hali jinkirta ranar biyan kuɗi ne kawai, tare da ninka su. Akwai kuma abin da ko ƙwararru a kan birki sukan manta. A birki man kofi yana raguwa yayin da birki-fad ke cinyewa, a kuloci kuwa, a yawancin baburan, akasin haka ne: farantai suna sirancewa, suna turo fistin baya, mai yana hawa. Wanda ya cika kofin maƙil don neman lada bai bar wa man wurin komawa ba. Da zafi ya buɗa shi sai ya riƙa danna farantan kaɗan-kaɗan ko ba a taɓa hannun kuloci ba, su fara sulluɓewa, su ƙone. Ka ga an samar da ainihin cutar da tun farko aka yi wa babur ƙaryarta.

Sai kuma batun wane mai za a zuba. A bakin mutane duk sunansa ɗaya, man birki, amma a cikin silinda ba ɗaya ba ne. BMW R1200GS ba man birki yake sha a kulocinsa ba, wani siririn man ma'adinai ne na musamman. KTM kuma kashi biyu suke, da yawa daga cikin masu na'urar kamfanin Magura man ma'adinai suke so, masu ta Brembo kuma man birki. Robobin da ke cikin kowane tsari an yi su ne don irin mansu. Zuba man ma'adinai, ko baƙin mai, ko jan man sitiyari a tsarin DOT, robobin za su kumbura su toshe hanya. Zuba DOT a tsarin man ma'adinai, su ma su lalace. Wannan ba abu ne da juyewa ke gyarawa ba, sai an sauya robobin duka. Akwai kuma tarkon DOT 5, wanda mai saye zai ɗauka ya fi DOT 4 tunda lambarsa ta fi girma. Shi na silikon ne, galibi launinsa shunayya, tsofaffin Harley-Davidson sun yi amfani da shi, kuma ba ya haɗuwa da sauran ko kaɗan, alhali DOT 5.1 da ya kusa yin suna ɗaya da shi ɗan gidan 3 da 4 ne. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, shi ne kwanon fetur da ke gaban kusan kowane bakanike, wanda duk abin da aka kwance daga jikin inji cikinsa ake jefawa a wanke. Ga ƙarfe ba laifi. Ga robar masta kuwa, wanka ɗaya a fetur ya isa ya gama da ita, a mayar da ita tana sheƙi, bayan 'yan kwanaki ta kumbura, a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Amsar tambayar wane mai za a zuba kuwa tana rubuce a kan murfin kofin. Karanta ta ba ya cin minti guda.

Shi aikin juye man da fitar da iskar, wanda a gareji ake ce wa bilidin, ba sihiri ba ne, natsuwa yake so. Ana kafa babur a miƙe, a juya kansa har kofin ya daidaita, a rufe tanki da duk wurin da ke da fenti da tsumma, domin man birki yana cin fenti. A goge kewayen murfi kafin a buɗe, balle da hunturu lokacin da ƙura ke yawo ko a cikin ɗaki. A zuƙe tsohon mai da sirinji, a share lakar da ta kwanta a gindin kofi, a zuba sabo daga robar da aka fasa a lokacin. A ƙasa kuma a cusa siririn tiyo mai garai-garai a kan ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba. Sai a matse hannun kuloci a riƙe, a sassauta notin kaɗan, mai ya fito, a ɗaure shi, sannan a saki hannu. Jerin nan ba ya karɓar sauyi. In aka saki hannu noti yana buɗe, iskar da aka kora ta dawo ta kawo 'yan'uwanta. Haka za a yi ta maimaitawa har abin da ke bi ta tiyo ya koma fes babu kumfa, ido kuma yana kan kofin sama, domin in ya ƙafe ko sau ɗaya an koma farko. Shi ya sa sau da yawa aikin na mutum biyu ne, oga a ƙasa da sifana, yaro a sama yana matsawa yana ƙara mai. Notin kansa ɗan mitsitsi ne, cikinsa rami, mazauninsa alminiyam. Hannun da ya saba ɗaure notin taya in bai yi hattara ba zai karya shi a ciki, aikin rabin sa'a ya koma neman sabuwar silinda.

In kuwa tsarin ya riga ya bushe, misali an sauya tiyo ko roba, to hanyar nan ta matsa-ka-riƙe tana iya cinye yini ba a ga biyan buƙata ba. Dalili a fili yake: iska sama take son hawa, kai kuma kana ƙoƙarin tura ta ƙasa, ga fistin masta ɗan abin da yake turawa kaɗan ne. Wanda ya fahimci haka sai ya juya aikin. Ya cika babban sirinji da sabon mai, ya haɗa shi da notin ƙasa, ya tura man sama a hankali, iskar ta bi hanyar da dama take so ta fito ta kofi. Sau da yawa kumfan ƙarshe yana laɓewa ne a wurin notin da ya ɗaure tiyo da masta, tunda nan ne ƙololuwa, sai an naɗe shi da tsumma an ɗan sassauta shi hannu yana matse. Bayan haka a ɗan riƙa taɓa hannun kuloci kaɗan-kaɗan, a ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ɗan ramin da ke gindin kofi. Wannan ramin ma abin lura ne. Shi ne ƙofar da mai ke komawa kofi, kuma in aka sa wa babur hannun kuloci na kwalliya wanda bai yi daidai ba, yana iya danne fistin ya rufe ta. Daga ƙarshe a tsayar da mai a kan layin da aka zana, a tayar da inji ya yi zafi, a gwada firi da giya ta ɗaya. Tsohon man kuma guba ne, kada a bar shi a robar ruwan sha inda yaro ko akuya za su kai baki.

Yanzu a duba abin da bakanike ya samu bayan ya yi duk wannan. Ya ɓata kusan sa'a guda, ya tsare yaronsa, ya yi amfani da sanin da ba kowa ke da shi ba, amma abin da zai nuna bai wuce ɗan baƙin ruwa a gindin kwalba ba. Babu mataccen ƙarfe da zai miƙa wa mai babur ya ce, Alhaji ga abin da ya lalace. Tambayar farko da zai ji kuwa ita ce, to me ka canza? Cinikin gyara a wurinmu a kan kaya aka gina shi. Ana lissafa kuɗin kaya dalla-dalla, kuɗin aiki kuma a bar shi a abin da ya sawwaƙa, har a riƙa yi masa kallon kyauta. Kowa ya san ribar bakanike tana cikin zuwa kasuwa sayo kayan. Mun zama kamar majinyacin da ba ya jin an duba shi sai an yi masa allura. A irin wannan tsari, bakaniken da ya ce faranti ne ba lalle ne maƙaryaci ba, mutum ne da muka koya wa cewa buɗe inji ne kaɗai aikin da ake biya. Abin kuma ba ya tsayawa a kansa. Yaron gareji abin da ya ga oga yana yi shi yake koya, aikin da ba a biya ba a yin sa, wanda ba a yi kuwa ba a gadar da shi. Kada wani ya ce basira ce babu. Mutanen da ke sauke inji a gindin bishiya su haɗa shi ya tashi kafin la'asar, waɗanda ke sassaƙa abin da ya gagara samuwa a kasuwa, ba sirinji da tiyo ne za su gagare su ba.

Za a ce, to me ya kai mu wannan wahala, waya ba ta fi ba? Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma zan yi mata kwana ba. Ga ɗan acaɓa a ƙauye ko mai kabu-kabu a Maraɗi, waya ta fi. Tana da araha, ana samun ta ko'ina, in ta tsinke a daji ana iya ɗaure ta a lallaɓa a isa gari. Mai wannan ra'ayi yana da hujja ma daga masu ƙera baburan. Harley-Davidson ya sa kulocin mai a manyan baburansa na doguwar tafiya daga samfurin 2014, ya sha fama da shi, har a 2018 ya yi kiranyen babura sama da 200,000 saboda yoyon silindar ƙasa, sannan a 2021 ya koma waya. Amma a lura da abin da wannan labarin ya nuna. Kuskuren ƙira ne a wata na'ura, kamfani ya amsa, ya gyara. Bai hana Ducati, KTM da BMW ci gaba da nasu ba, domin amfanin a bayyane yake: babban inji yana buƙatar sifirin masu ƙarfi, mai yana sauƙaƙa wa hannu jan su, yana daidaita kansa yayin da farantai ke cinyewa, ba ya tsatsa ya cije, ba ya tsinkewa a tsakiyar titi. Sannan wanda ya riga ya sayi babur ɗin ai zaɓi ya wuce shi. Mafi yawan waɗannan injina ba a yi musu mazaunin waya ba. Ko ya kula da abin da ke gabansa, ko ya jingine babur.

Za a kuma ce baburan nan nawa ne a ƙasar har jarida za ta ɓata shafi a kansu, ai matsalar 'ya'yan masu kuɗi ce. In kulocin kaɗai ake nufi, da gaskiyar mai faɗa. Sai dai masta ɗin nan, da tiyon, da man, da notin fitar da iskar, su ne dai ke cikin birkin gaba na duk wani ƙaramin babur mai faifan birki, irin su Bajaj Pulsar da TVS Apache da sauran na zamani da ke ƙara yawa. Su ne a birkin keken A Daidaita Sahu, wanda tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 ya zama abin hawan talakan birni, mata da 'yan makaranta. Su ne a birki da kulocin motocin haya da ke ɗaukar mutane daga tasha zuwa tasha. Hannun da ya saba ƙara mai a kulocin fawa-bayik ba tare da neman inda yake zuba ba, shi ne zai yi haka a birkin keke mai ɗauke da yara. Bambancin kawai shi ne a kuloci sakamakon asarar kuɗi ne, a birki kuwa asarar rai. Labarin direbobin da ke zuba ruwan omo in man birki ya ƙare musu a hanya ba baƙo ba ne a kunnen kowa, kuma har yau wasu da alfahari suke ba da shi.

Mai cewa babu kuɗi fa? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa lissafi yake yi, ba a musun haka. Amma duk man da ke cikin tsarin kuloci bai cika kofin shayi ba, ƙaramar roba guda ta isa har da ragowa, kuma kuɗinta bai kai na cika tankin babur ɗin sau ɗaya ba, sau ɗaya kuma a shekara biyu. Ita kuwa silindar ƙasa ta Ducati ko KTM ba lalle ne a same ta a kasuwar Ƙofar Ruwa ba, wani lokaci ko a Legas sai an yi oda, da dala, a jira makonni. Shi kuma mai cewa nasa ya shekara shida ba a taɓa ba kuma lafiya ƙalau, sai a ce masa ya buɗe murfin ya leƙa. Lalacewar da ba ta kai ga tsayar da babur ba tukuna ba lafiya ba ce. In kuma nasa mai shan man ma'adinai ne, to yana da ɗan uzuri, domin shi ba ya zuƙar danshi, wa'adinsa ya fi tsawo, sai a bi abin da littafinsa ya ce.

Ƙorafin da ya fi ba ni wahalar amsawa shi ne na jabu. Mutum zai ce, man da ke ciki daga Turai ya zo, ko ya tsufa na asali ne, in na juye shi me zan zuba, wanda ban san abin da aka ɗura a robarsa ba? Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma mai babur ba shi da ɗakin gwaji. Nan ne aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ya kamata ya fito fili. Man birki ya cancanci sa ido irin wanda ake yi wa taya da wayar lantarki, tunda gwajin zafin tafasarsa ba abu ne mai wuya ba ga hukuma. Kafin nan, akwai abin da ke hannun mai saye. Ya sayi ƙaramar roba mai hatimi a baki daga dillalin da aka sani, a fasa ta a gabansa, ya ƙi duk man da aka tsiyayo daga buɗaɗɗiyar roba da ta yi wata da watanni a kan benci, domin ko na asali ne ya riga ya sha iska. Haɗarin jabu ana iya rage shi da kula. Na tsohon mai kuwa ƙaruwa yake yi kowace damina.

Ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, tana da rassa a garuruwa da dama, kuma ita ta fi kowa ikon sa wa wannan aiki farashi sananne, yadda mai babur zai shigo ya ce bilidin ya zo yi, ya san abin da zai biya, bakanike kuma ya faɗi kuɗinsa ba tare da jin nauyi ba. Ana iya manna 'yar takarda a ƙarƙashin kujera da wata da shekarar da aka juye, yadda ake rataya wa mota ta baƙin mai. Wanda kuma ya sayi babur na hannu kada ya jira alama. Bai san shekarar da aka zuba man da ke ciki ba, bai san watannin da babur ɗin ya yi a wurin gwanjo ko a tashar jirgin ruwa ba, watakila ma an kwantar da shi a kwantena iska ta shige tiyo. A makon farko, kafin sitika da sabon salansa, ya karanta abin da ke kan murfi, ya sayo man da aka rubuta, a juye na kuloci da na birki gaba da baya, ya tsaya a yi a gabansa, ya biya kuɗin aikin cikakke.